Yelwa Mai Banda da Takardun Jirgin Sama

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. Ku ce ta zo mu ji ta, sannan ku gyara zama.

Haihuwa da tasowa

An haifi Yelwa a shekarar 1961 a garin Haɗejiya. Mahaifinta Shu'ibu masunci ne, mahaifiyarta Zulfa kuwa mai bandar kifi, kuma a gindinta Yelwa ta koyi sana'a. Ta yi karatun allo har izu biyar, boko kam ko ƙofarsa ba ta leƙa ba.

Aure da ƙaura

A 1979 aka ɗaura mata aure da Fannami, mutumin Birniwa, shi ma masunci. Da fari ya tsananta a 1984, kogi ya janye, sai suka bi ayarin masunta zuwa wani tsibiri a tafkin Chadi. A can suka shekara talatin lafiya, Allah ya ba su 'ya'ya shida.

Shekarar takardu

A 2014 'yan bindiga suka mamaye tsibirin, ba shiga ba fita sai da izininsu. Bayan shekara biyu, wata Laraba da hantsi, jirgin saman sojoji ya zubo takardu, fari fat har cikin ciyawa. An rubuta su da boko da ajami, bisimilla a sama, cewa duk wanda ya fito riƙe da ɗaya ba za a harbe shi ba. Kafin azahar shugaban 'yan bindigar ya sa aka yi shela: wanda ya taɓa ko guda, yanka.

To, ku kun san tarbiyyarmu, ba a barin sunan Allah a ƙasa. Yelwa ta ga awaki na tattaka bisimilla, ranta ya ƙi. Ta tsince guda tara, ta soke su a jinkar ɗaki yadda ake yi a gida, gefensu a waje, kowa na iya gani.

Fannami ya dawo daga kamun kifi, ya ɗaga kai ya gan su. Ya ce, "Yelwa, kin kashe mu."

Ta ce, "Malam, in tsallake sunan Allah?"

"Bari dai. Gobe za su fara bincike ɗaki-ɗaki."

Ƙonawa ba ta yiwu ba, don Yelwa ta rantse ba a gabanta ba. Gudu kaɗai ya rage, ga shi su goma ne a gidan har da jikoki, takarda tara. Fannami ya ce shi zai zauna ya riƙa iza wutar banda, domin muddin hayaƙi na tashi, ba wanda zai ce gidan ba kowa.

Washegari da safe suka shiga kwalekwale kamar masu zuwa duba komar kifi. Yelwa na waiwaye tana ganin hayaƙin har ciyawa ta tare shi. Da la'asar suka riski sojoji, kowa ya ɗaga takardarsa sama. Ba a harba ba.

Ƙarshen rayuwa

Ta dawo Haɗejiya a ƙarshen 2016, ta ci gaba da banda. Duk baƙon da ya fito daga tafki sai ta tambaye shi, ba ta taɓa samun labarin Fannami ba, ba ta kuma yarda an yi zaman makokinsa ba.

Allah ya yi mata rasuwa ranar Asabar, 4 ga Maris, 2023. Aka sallace ta bayan azahar, aka binne ta kusa da mahaifiyarta. Ta bar 'ya'ya biyar, ɗaya ya riga ta rasuwa: Mukhtar da Yunusa suna kamun kifi a Haɗejiya, Mardiyya na aure a Kaugama, Adila a Kafin Hausa. Abba, babbansu, ya koma bakin tafki, har yau yana cigiyar ubansa.