Ranar da Iska ta Kwashe Gashin Umma

Asabar ce, saura kwana uku ƙaramar Sallah, ina aji huɗu na firamare. Umma na zaune a tabarma a tsakar gidanmu na bayan kasuwar Katako a Jos, kanta a cinyar Talatu mai kitso, ana yi mata shuku irin wanda ake ja har girar mutum ta ɗage sama. A gidanmu, kitson da bai sa mace ciwon kai na kwana biyu ba, ba a ɗauke shi kitso ba. Aikina a irin wannan rana shi ne in tattara gashin da ya fita a mataji, in dunƙule, in cusa a tsagar katangar bayan ɗaki. Dokar Kaka ce, mahaifiyar Babanmu. "Kada ki bar ko sili ɗaya a ƙasa," take cewa, "tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa, ko wani mugu ya tsinta." Na dunƙule gashin kenan sai na ji yara sun fara 'yar gala-gala a ƙofar gida. Na ajiye shi a bakin rijiya da niyyar in yi zagaye ɗaya tak. Kafin in dawo, iskar Jos ta yi gaba da shi, kuma a kan idon Kaka.

A lokacin Umma na goyon ƙanina Sadiƙu, wata huɗu da haihuwa. Bayan Sallah da ta tsefe kitson, sai gashi ya riƙa biyo mataji dunƙule-dunƙule, gaban goshinta ya yi fayau kamar bayan ƙwarya. Kaka ba ta nemi wani dalili ba, ga ni a gabanta. Aka shafa man kaɗe da tafarnuwa, aka yi hayaƙi, aka karɓo rubutu, ni kuma aka sa mini suna Sakaci. Duk sheƙar tsuntsun da ke bishiyar mangwaron gidanmu sai da na hau na warware ta ina neman gashin uwata. In aka aike ni rumfar Baba ɗebo dusar katako ta hura wuta, idona na ƙasa tafiya da dawowa. Na daina wasa, tuwo ma sai an yi mini tsawa nake ci. Shekarata tara, kuma na gama yarda cewa ni na aske Umma. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi. Manya fal gida, a rasa mai cewa yarinya ce, a ƙyale ta!

Maƙwabciyarmu Mama Chioma, 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan masarufi, ita ta ga kan Umma wata rana ɗankwali ya zame. Ta ce da Hausarta, "Madam, wannan kai likita ne zai duba, ba yarinya ne ya yi ba." Umma ta nemi izinin Baba, ta goya Sadiƙu, ta ja hannuna muka hau mota zuwa asibiti. Likitar mace ce. Ta duba fatar kan, ta sa aka auna jini, sannan ta yi bayani ina jin komai. Zubar tsakiyar kai ta bayan haihuwa ce, ga ƙarancin jini, zai dawo in an sha magani an ci abinci mai kyau. Na gaban goshi kuwa kitso mai tsauri ne na shekara da shekaru ya kashe saiwarsa, da wuya ya sake fitowa. Na yi ta maza na tambaye ta zancen tsuntsu. Ta dube ni, ta dubi Umma, ta ce babu ruwan tsuntsu.

Mun dawo muka tarar da Kaka da matan gida suna tsinke zogale. Ta saurari bayanin, ta taɓe baki ta ce likita me ta sani, ai aikin Sakaci ne. Umma, wadda ban taɓa ganin ta mayar wa Kaka magana ba, ta kwance ɗankwalinta a gaban kowa. "Hajiya, ku yi haƙuri, ku dubi kan nan da kyau. Kitso ne ya cinye shi, kuma ni na zauna aka ja. Bilkisu ba ta da laifi, kada a sake ɗora mata." Ni 'yar fari ce, kuma a al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta tare masa faɗa a gaban suruka. "Ke" kawai na sani a bakinta. Kaka ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarta, Umma kuma ba ta fasa gaisuwar ba, ba ta kuma janye maganar ba.

Gashin tsakiya ya dawo kafin shekara ta zagayo, na gaba bai dawo ba. Yanzu in na bi ta Tina Junction ina ganin shagunan gashin kanti da kwalaben mai da ake rantsuwa suna tsirar da gashi cikin mako guda, mata na saye a ɓoye kamar sun yi laifi, ba mai zuwa asibiti a duba kanta. Ni dai in mai kitso ta ja kan 'yata har ta runtse ido, ƙwace matajin nake yi. An ce na cika faɗa, to a faɗa. Washegarin ranar Umma ta koma kirana "ke", har Allah ya yi mata rasuwa ba ta sake faɗin sunana ba. Sau ɗayan nan ya ishe ni.