Ranar da Kaka Ya Cire wa Mama Hula

Ko gilashin mota a rufe yake, in ka bi hanyar Kagoma lokacin girbi sai ƙamshin citta ya same ka. An tsaga ta an baza a kan duwatsu da bakin titi, rana na dukanta, iska na ɗauko yajin har cikin maƙogwaro. Wasu atishawa yake sa su. Ni kuwa gidanmu na Kafanchan yake mayar da ni, gaban kakana, mahaifin babana, da baƙar hularsa ta reluwe.

Kaka ya ƙare ƙuruciyarsa a tashar jirgin ƙasa, yana ba jirage hannu da tuta. Da ya ajiye aiki ya mayar musu da tuta da usur, amma hular ya ce sai dai su bi shi kabari su karɓa. Da ita yake cin tuwo, da ita yake gyangyaɗi a gindin mangwaro. Mu jikoki mukan ce da ita aka haife shi, ya kawo mana sanda yana dariya. A coci kaɗai yake cire ta ba gardama, ya ce wannan haƙƙin Ubangiji ne.

Akwai wata maganar Turanci da ya koya wurin wani abokin aikinsa Ibo, direban jirgi: "I doff my cap for you." Wato na cire maka hula, na sallama, ka isa. Amma a wurin Kaka maganar tana da ƙa'ida. Ba a faɗinta a zaune, ba a faɗinta a bayan idon mutum, kuma ba a faɗa wa wanda kake neman wani abu a hannunsa, don wannan fadanci ne. Sai ka miƙe tsaye ka cire hular da gaske, kanka ya sha rana. Wani ɗan siyasa ya taɓa zuwa gidanmu da jerin motoci, Kaka ya ba shi kujera da ruwan sha, hula ko motsi ba ta yi ba. Amma wani tsohon Bafulatani da ya goya 'yan makaranta ya ƙetarar da su rafi ranar da ruwa ya cika, Kaka ya tare shi a tsakiyar kasuwa ya cire masa. Tsohon ba ya jin Turanci ko na sayen gishiri, amma ya gane, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Ni ma na nemi rabona. Na taɓa zuwa ta ɗaya a aji, na rugo gida na tsaya gabansa ina haki. Ya taɓa bakin hular da ɗan yatsa kawai. "Well done, amarya na," ya ce, "amma hula yana nan tukuna." Na yi fushi da shi har washegari.

Sai Baba ya rasu. Ciwo ne na 'yan kwanaki, da rani, bayan an gama girbi. Ya bar Mama, da mu yaransa ƙanana, da gonar citta a bayan gari. Bayan an share makoki aka yi zaman gida, yayan Baba, wanda muke kira Baba Babba, ya faɗi abin da kowa yake raɗawa. "Mace ba zai iya gonan citta ba. Gona zai koma daji. Gara a ba wanda zai iya, ita ta koma wajen mutanen ta a Fadan Kaje, yara kuma mu raba mu riƙe." Ba mugu ba ne, haka ya tashi ya ga ana yi. Amma ni abin da na ji shi ne za a ɗauke mana uwa bayan an binne mana uba.

Mama ta durƙusa gaban Kaka, kanta a ƙasa. "Baba, a bar mini damina ɗaya. In gona ya gagare ni, da ƙafa na zan tafi." Muka zuba wa tsoho ido. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe maganar, amma sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Damina ba ya ƙarya." Ya tashi ya shige ɗaki.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Baba ya bar irin citta a inuwa, an lulluɓe da ciyawa. Mama ta tone shi ta yayyanka, kowane yanki da idonsa, ta shuka da ruwan farko. Citta kuwa ba ta son tsiraici: sai an rufe gonar kaf da ɗanyen ganye, in ba haka ba rana ta dafa irin a cikin ƙasa. Mama ta yi ta jigilar dammunan ganye daga daji a ka, har wuyanta ya daina juyawa. Ta shiga gayya da matan zumunta na cocinmu, yau a gonar wannan, gobe a ta waccan, in layi ya zo kanta su cika gonarmu da waƙoƙin yabo. Ciyawa da hannu ake cire ta, don fartanya na yanke saiwa. Tafukan Mama suka tsattsage, in za ta shafa mana mai sai mu noƙe. Duk tsawon daminar Kaka bai taka gonar ba, bai kuma tambaya ba. Gaskiya na tsani hular nan a wannan shekarar.

Da ganyen citta ya yi rawaya ya kwanta, aka fara tono. Wata safiya muna gona sai ga Baba Babba ya goyo Kaka a mashin, sauran 'yan'uwan Baba na biye. Gani ya kori ji, in ji su. Mama na zaune gaban tsibin citta tana tsagawa da wuƙa. Kaka ya bi gonar daga wannan iyaka zuwa waccan yana caka sandarsa a ƙasa. Ya ɗauki wata citta mai faɗin tafin hannu, ya karya, ya shinshina. Sannan ya dawo ya tsaya gaban Mama, ita kuma ta durƙusa kamar kullum.

"Tashi," ya ce. "Wannan magana ba a karɓan shi a durƙushe."

Ta miƙe. Ya saki sandar ta faɗi, ya sa hannu ya cire hular, ya riƙe ta a ƙirji.

"I doff my cap for you, 'yata."

Can Baba Babba ya sosa ƙeya ya ce, "To, Baba ya gama magana." Ya nemi wuƙa ya zauna bakin tsibin ya shiga tsaga citta. Daga ranar ba wanda ya sake ambaton Fadan Kaje sai in za mu je gaisuwa. A gidan muka girma, dukanmu, gaban uwarmu.

Yanzu maganar ta yi araha. A wurin biki mai gabatarwa yakan faɗa wa duk wanda ya shigo da babbar riga, shi kansa ko hula babu a kansa. Yara suna tura wa juna a waya don wani ya sayi sabon takalmi. Ba na jin haushi, magana ma takan cinye kamar bakin fartanya. Amma ni har yau bakina nauyi yake yi in zan furta ta.

Kwanan baya na tambayi Mama, wadda yanzu ita ma sai da sanda, me ta ji da Kaka ya faɗa mata wannan Turanci. Ta yi dariya ta ce ita ba ta ma saurari Turancin ba. Ta ce tun da aka binne Baba ba ta ɗaga ido ta dubi surukinta ba, don tana fushi da shirunsa, sai ranar da ya sa ta miƙe.

"Na ga kan shi ya yi fari fat, a shekara ɗaya," ta ce. "Ni ina ta kukan miji, na manta shi ma ɗa ya binne."