Yadda Na Kori Kocin Baya Ba da Niyya Ba

Har yanzu ban manta da ranar da na kori Baffa Buba daga aiki ba, alhali a kwamiti ba wanda ya kai ni son a ɗauke shi. Sababbin 'yan wasanmu suna jin labarin a bakin mutane gutsure-gutsure, shi ya sa na ga gara su ji daga bakin mai laifin.

Ni ne mai sito a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ta Dogo Tebo. Aikina ajiye riguna, hura ƙwallo, ɗaura raga da kwance ta. Yawancin 'yan wasan direbobin Keke ne, sai la'asar suke ajiye sana'a su zo fili. A shekarar da nake magana 'yan gabanmu ba laifi, amma bayanmu a buɗe yake kamar tashar mota. Golanmu ya taɓa ce mini shi ba kama ƙwallo yake yi ba, ɗebo ta yake daga raga.

Sai kwamiti ya ce a nemo koci na musamman saboda 'yan baya. Aka kawo Baffa Buba, Bafulatani mai furfura, wanda ya buga lamba biyar tun wasu a cikinmu ba su fara tafiya ba, ya kuma horar da 'yan baya a ƙungiyoyi da dama kafin ya koma dillancin shanu a kara. Ciyaman ɗinmu, Alhaji Modu, Babarbare ne, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Yana ganinsa ya ce, "Wannan ai bawana ne. Koci muka ce a kawo, ba mai tatsar nono ba."

Baffa ya ce, "Alhaji, an ce mini kana da shanu huɗu da suka ƙi kiwo. Su na zo gani."

Ƙa'idarmu ita ce, sabon koci sai an gwada shi mako biyu, a rufe da wasan sada zumunta. Daga nan wanda ya kalli atisaye kullum ya rubuta rahoto, ciyaman ya karanta a zaman kwamiti, a buga hatimi. Abin da hatimi ya hau ya zauna. Rubuta rahoton aikin sakatare ne, amma sakatare ya tafi Fika jinyar mahaifinsa. Alhaji ya juyo wurina ya ce, "Malam Audu, ba ka shiga ajin manya ba? To, ga ranar karatunka." A lokacin ina shekarata ta biyu a ajin. Na karɓa ina jin kaina kamar alƙali.

Ranar farko Baffa ya zo da dangwali, wato doguwar igiyar nan mai maɗaurai da ake jera maruƙa a kanta. Ya kira 'yan baya huɗu ya ɗaura wa kowa a ƙugu, da tazarar taku goma tsakaninsu. Kyaftin ɗinmu, Gimba, wanda ke lamba biyar, ya ce, "Baffa, ni fa magidanci ne, 'ya'yana uku."

"Na ji," in ji Baffa. "Amma a fili maraƙi ya fi ka sanin inda ɗan'uwansa yake. Juya."

Ga waɗanda ba su san ƙwallo ba, dabarar ita ce 'yan baya su tsaya layi ɗaya, su matsa gaba tare, su dawo tare. In suka yi haka, ɗan gaban abokan hamayya zai riƙa faɗawa satar gida, alƙalin wasa ya busa. In kuwa mutum ɗaya ya maƙale a baya, ya buɗe wa kowa ƙofa. Namu kowa gabansa yake ci. Da igiya kuwa, Gimba na rugawa sai ya fizgo lamba biyu, lamba biyu ya fizgo na kusa da shi, su zube gaba ɗaya. Masu Keke suka riƙa fakin a bakin fili suna kukan shanu. Da Gimba ya koma gida ma, an ce matarsa ta tambaye shi ko dusa za ta kawo.

Kwana uku ana faɗuwa. A rana ta huɗu ba wanda ya faɗi. Mako na biyu Baffa ya kwance igiyar, amma suka ci gaba da tafiya kamar tana nan. A wasan gwaji da samarin Danchuwa, ɗan gabansu ya yi ta faɗawa satar gida har ya fara zagin mai tuta. Aka tashi ba a ci mu ko ɗaya ba. Golanmu ya ce a biya shi kuɗin zaman banza. Ban da sakatare, duk 'yan kwamiti suna wurin, Alhaji har da tafi.

Na zauna na rubuta rahoto. Ban tsawaita ba, layi uku ne. Na farko shi ne hukuncin, abin da ke zuciyata kuma shi ne: Kocin baya ya iya aiki. Zaman kwamiti ya faɗo ranar jarrabawarmu a aji, don haka na ninke takardar na kai wa Alhaji shagonsa na wuce.

Washegari da safe Gimba ya tare ni da Kekensa har ya kusa taka mini ƙafa.

"Malam Audu, me tsohon nan ya yi maka? Mu aka ɗaure, mu muka ci ƙasa, ba mu ce komai ba. Kai da kake zaune a kan ƙwallo kake korarsa?"

Na ce wa ya kore shi? Ya ce takardata. Na hau Keken muka nufi shagon Alhaji. Alhaji ya zaro takardar daga aljihu, ga hatimi shuɗi a kai, ya karanta da ƙarfi: "Kocin ba ya iya aiki."

Na karɓa na duba. Abin da hannuna ya rubuta shi ne: Kocin baya iya aiki. Da na rubuta "baya", kunnena ya ji "ya" ta riga ta fito, sai na tsallake ta biyun. Malamarmu ta sha gaya mana cewa "baya" daban, "ba ya" daban, amma rabin garin nan a haɗe suke rubuta su, don haka Alhaji ya karanta yadda ya saba gani.

Na ce, "Alhaji, ai kana wurin. Ka yi tafi."

"Na yi. Amma na ce ƙila kai mai ilimi ka ga abin da ba mu gani ba."

"Sauran layi biyun fa? Ai yabo ne."

"Na ɗauka ta'aziyya ce."

Ya ce hatimi ya riga ya hau, takarda kuma sai takarda ke warware ta. Na sayi fallen takarda a nan shagonsa na sake rubutawa, ina bin kowace kalma da yatsa. Ya buga sabon hatimi. Saura shawo kan Baffa, wanda aka ce mutanen Danchuwa har sun aika masa.

Na same shi a kara yana duba haƙoran wani bijimi. Bai ɗago ba ya ce, "Marubuci ya iso." Na yi bayani har bakina ya bushe. Shi ba ya karatun boko, sai ya ce in rubuta masa duka biyun a ƙasa. Na tsuguna na zana da tsinke, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ya sa sandarsa yana ƙirga kalmomin.

"Wannan biyar. Wannan huɗu. Wato mutum ɗaya ne ya bar wurinsa aka ci ni?"

Na ce haka ne, Baffa.

"To, kai ɗan ƙungiyar nan ne na gaskiya."

Ya yarda zai dawo, amma da sharaɗi: Alhaji Modu ya zo kara da ƙafarsa ya karanta sabuwar takardar. Alhaji ya yi ta ƙorafin cewa ubangida ba ya bin bawa, amma muna da wasan gasa a ƙarshen mako, kuma Gimba ya rantse 'yan baya ba za su sa riga ba. Dole Alhaji ya zo da farar babbar riga yana tsallake kashin shanu, ya karanta a gaban dillalai. Yana gamawa Baffa ya ce, "Sake, Alhaji. Na can baya ba su ji ba." Yana nufin shanun. Alhaji ya sake.

Baffa ya yi shekara uku tare da mu kafin gwiwa ta zaunar da shi.

Abin da na koya game da aikin nan biyu ne. Na farko nawa ne: ba na ƙara miƙa takarda sai na karanta ta da baki a gaban wanda za ta shafa. Na biyu kuma na mutanenmu ne. Ban da sakatare, mu bakwai ne a kwamiti. Shida sun zauna a bakin fili sun ga an tashi ragarmu ba komai, sun yi ihu, sun sha rake. Washegari aka karanta musu layi ɗaya daga hannun ɗan aji biyu, kuma ba wanda ya ce "anya?". Don haka ku samari, in aka ce an rubuta ba ku iya ba, kafin ku cire takalmi ku tambayi wa ya rubuta. Ƙila ni ne.