Gitar Yaya Ba Makunni

Duk mai kaɗa gitar bas, wato mai kaurin murya, a kudancin birnin Memphis ya san garejin Verlene Gaskins, kuma ya san dokarta: ba ta taɓa gitar mutum sai ta ga yadda hannunsa ke kaɗa ta. A masana'antar talabijin ta koyi liƙa waya da dalma tun tana budurwa. Da aka rufe masana'antar, sai ta kwaso kayan aikinta ta dawo gida, makaɗa suka yi mata caa. Mace ce mai faɗar gaskiya komai ɗacinta, shi ya sa ake zaginta a bayan ido, ake kuma bin layi a ƙofarta.

Wanta Thaddeus shi ke riƙe da bas a cocinsu tun kafin ta yi aure. An san shi da dukan tsirkiya da babban yatsa, sauti ya fito tas-tas, har tsofaffi su manta da ciwon gwiwa. Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa hannun dama. Ya miƙe, amma yatsun ba ƙarfi. Verlene na zaune a bencin baya ta ga mai fiyano yana cike masa gurbi, yana kaɗa sautin bas da hannun hagu, wanda a wurin mai bas ya fi mari ciwo. Shugaban mawaƙa kuwa ya ce a jira zuwa bikin Ista, in abin bai gyaru ba, Thaddeus ya huta. Kowa ya san me ake nufi da hutu.

Thaddeus ya shigo garejin da gitar a kafaɗa, yana cika yana batsewa.

"Ke, sa min na'urar nan ta zamani mai batir, mai ƙara ƙarfi. Da maɓallai biyar."

"Biyar! Yaya, jirgin sama za ka tuƙa? Ran da batir ya mutu ana tsakiyar waƙa, fasto ne zai kwance maka murfi?"

Ta kwantar da gitar, ta nuna masa maganaɗisu biyun da ke ƙarƙashin tsirkiya, masu tsinto sauti. A yadda suke, an haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kowanne na kai nasa. Sautin fes yake, amma sai mai ƙarfin yatsa. In aka haɗa su a jere, wuta ta ratsa ɗaya ta shiga ɗaya, sai muryar ta yi kauri da ƙarfi, ko shafa tsirkiya ka yi ta amsa. Illarsa ɗaya, kaifin nan nasa zai dushe.

"To ki sa makunni," in ji shi. "In na so wannan, in na so wancan. Ai kin yi wa wasu."

Ta yi wa wasu kam, aikin da ko ido rufe za ta iya. Amma ta san wanta kamar yunwar cikinta. In ta bar masa makunni, da zarar waƙa ta yi zafi zai koma tsohon sauti, ya kai duka da yatsan da ba ya jin magana, ya ji kunya a gaban jama'a.

"Ba zan sa ba."

"Gitarki ce?"

"Taka ce. Amma wancan hannun ya tafi, Yaya, na ga haka da idona. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

Ya dube ta kamar zai haɗiye ta, ya fice. Gitar dai ya bar ta a kan tebur. Maganar ta yi mata zafi fiye da yadda ta yi masa, har ta yi hawaye, amma ko kaɗan ba ta yi shakka ba. Ta narka dalma, ta haɗa maganaɗisun a jere, ta bar masa maɓalli guda na ƙara murya da ragewa.

Ranar Lahadi a coci, gitar ta dawo hannunsa, ya fara kiɗa a ɗarare. A baiti na biyu yatsansa ya nemi tsohon duka, gitar ta ƙi ba shi. Sai ya sassauta, ya riƙa ajiye sauti ɗaya-ɗaya, mai tsawo, mai nauyi, har Verlene ta ji benci na rawa a ƙarƙashinta. Mai fiyano ya waiga, ya ɗauke hannun hagunsa ya ɗora a cinya. Shugaban mawaƙa bai ƙara ta da zancen Ista ba.

Bayan an tashi ta same shi a zauren cin abinci, soyayyen tarwaɗa a gabansa, bai taɓa ba.

"Ba muryata ba ce, Verlene," ya ce. "Kamar wani ne ke kaɗawa."

"Na sani."

"Ni na fi son tawa."

"Ni ma na fi son ta, Yaya."

Ya riƙa murza yatsun hannun dama a kan tebur. Can ya jawo farantin.

"Ranar Alhamis akwai gwajin waƙa. Ki zo ki ɗauke ni da wuri, ina da abin koyo."