Jakin Cindo da ya shiga silima

Cindo taubashina ne, ɗan gwaggota Lami, kuma tun da aka kafa Dakoro ba a taɓa yin mayen silima irinshi ba. Abin kuwa da ya kalla duk rayuwarshi fim guda ne tak, na gwamnati, wanda ke koya wa manoma zuba wa irin gyaɗa magani.

Shekara uku da samun mulkin kai, jakinshi mai yankakken kunne ya ɓace ran kasuwa. Cindo ya yi cigiya har muryarshi ta koma ta agwagwa. Ana haka sai ga kamiyon silima, babbar motar nan mai yawo da fim, ya iso, aka rataya farin zane bayan magariba. Ana cikin nuna wani malamin gona yana kaɗa iri a ƙwarya, sai wani jaki ya gitta ta bayanshi. Cindo ya miƙe.

"Wancan nawa ne. Ku riƙe shi."

Ya zaga bayan zanen da igiya, ya iske bango.

Mushe Agali, wato malam Agali a yaren nasara, mai kunna na'urar, ya ce mishi an ɗauki hoton nan wajen Maradi tun jakin nashi bai ɓace ba. Cindo ya ce to ai ɓarayi da ma sammako gare su.

Daga ranar duk inda kamiyo ya nufa yana biye da shi a ƙasa. Adjekoria, Ɗan Gulbi, har rugagen Azagor inda ba wanda ya taɓa shuka gyaɗa. Ni na ƙirga mishi kallo ɗari tara, matarshi Dela ta ce arba'in ne, amma ita ba ta yi karatun lakwal ba, ni kuwa na yi aji biyu. Yakan zauna gaba da dusa a aljihu. In jakin ya gitta ya yi mishi fito, in ya wuce ya juyo ya ce da ni, "Ka gani? Ya rame. Ba su ba shi ruwa."

Na ce, "Bawana, jiya ma haka yake."

"Kai me ka sani a jaki, ban da kama da kuke yi?"

A shekara ta huɗu fim ya tsufa, ya tsinke daidai wurin jakin, Mushe Agali ya yanke wurin ya liƙe sauran. Aka kunna, malamin gona ya kaɗa ƙwarya, ba abin da ya gitta. Da safe Cindo ya kwanta gaban tayar kamiyo, ya ce an sace mishi jaki sau biyu, sai dai a taka shi. Mushe ya lalubo guntun da ya yanke, ya miƙa mishi.

Cindo ya ɗaga shi sama ta wajen rana, ya ƙura mishi ido. Jakin na nan, layi-layi, kowane da yankakken kunne.

"Ashirin da huɗu," in ji shi. "Ashe haihuwa ya yi."

Na tuna mishi namiji ne. Ya ce hassada ce.

Yau ya tsufa, guntun na cikin laya a wuyanshi, kullum da hantsi sai ya fiddo ya duba garkenshi. Maganin iri kuwa ko sau ɗaya bai taɓa zubawa ba, don bai san fim ɗin na maganar gyaɗa ba.