Tayar da Ta Fashe a Hanyar Madina

Shekarun baya, tun ina budurwa a gidanmu na unguwar Madain Fahd a Jidda, yayana ya shigo unguwa da wata doguwar mota mai ɗaki a ciki: gado, murhu, banɗaki, har da labule. A hannun wani Bature da ya gama aiki a unguwar masana'antu ta Jidda ya saye ta. Mutane suka yi ta dariya wai ya sayo gida mai taya, amma mu mun san dalili. Saboda mahaifiyarmu Ummi ne. Ciwon baya ya hana ta zaman bas, ga yayarta a Madina tsufa ya kama ta. Tare suka tako ƙasar nan suna yara, kuma an daɗe rabon da su ga juna, sai dai gaisuwa ta waya.

Da aka sa ranar tafiya labari ya zaga unguwa, don ni bakina ba ya riƙe albishir. Kun san halinmu, kowa yana da ɗan'uwa a Madina. Aka fara kawo saƙo: jarkokin zamzam, buhunan shinkafa, keken ɗinki, har da wata ƙatuwar tukunyar biki. Yayana ya ce kayan sun yi yawa. Ummi ta ce tun da take ba ta taɓa mai da saƙon mutum ba, ba kuma da tsufanta za ta fara ba. Ya zagaya ya duba tayoyin, ya ga zanensu raɗau kamar sababbi, ya haƙura. Ba wanda ya tuna cewa motar ta yi shekara da shekaru a ajiye a Abhur, rana na dukanta, iskar teku na lasarta.

Sallama da maƙwabta ta sa muka yi lattin fita, rana ta take muna kan hanya. Ummi na kwance tana jan carbi, ni kuma ina ɓare lemo ina jin kaina wata hamshaƙiya. Sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin gadon. Motar ta karkata, ta fara fizga gefe, tukwane suka zubo. Ni mai cika bakin rashin tsoro, sai ga ni a ƙasa rungume da jarkar zamzam ina salati. Allah ya taimake mu yayana bai taka birki ba. Ya riƙe sitiyari gam, ya bar ta ta rage gudu da kanta har ya sauka gefen titi. Tayar baya ce ta tarwatse, ta fasa katakon ƙasan motar dab da inda Ummi take kwance.

Da ya ga ramin nan sai ya fasa tafiyar. Ya sa safaya, muka lallaɓa muka koma Jidda. A ƙofar gida ya ce, "Halas, ya Ummi. Ba zan kashe ki a hanya ba. Gobe zan sa motar a kasuwa." Maganar nan tasa ta fi ƙarar tayar firgita ni, don na san in motar ta tafi, Ummi da yayarta sai a lahira.

Washegari ta sa na riƙe mata hannu, muka bi gida-gida tana ba da haƙuri, tana cewa kowa ya aiko a ɗauki kayansa. Kunya kamar in nutse. Mai tukunya kuwa ta yi kwana biyu ba ta gaishe mu.

Daga nan Ummi ta ce a kai ta banshar, wato shagon masu taya. Yayana ya yi magiya ta zauna a gida, ta ƙi. Aka ba ta kujera ta zauna tsakiyar tayoyi da abayarta. Matar da ko tumatir za ta saya sai mai tumatir ya yi gumi, ran nan ko kallon tayoyi na hannu masu araha ba ta yi ba. Tambayoyi ta riƙa jerowa kamar mai binciken wanda ya zo neman auren 'yarta: wannan shekararta nawa, wane nauyi take ɗauka, tana jure zafin titi? Mai shagon ya nuna mana inda ake buga shekarar taya a gefenta, da alamar nauyin da take iya ɗauka. Muka duba namu, ashe tsofaffi ne masu fuskar yara. Aka sauya su duka har da safaya, iri ɗaya, na ɗaukar kaya. Sannan ta dubi yayana ta ce, "To, saura uzurin me?" Ya yi dariya, ya sumbaci kanta.

Wannan karon da asuba muka tashi, ba sallama, mota fayau. Yana tsayawa lokaci-lokaci ya taɓa tayoyin ya auna iska, har muka isa lafiya.

Yayarta ta fito tana dogara sanda, ta leƙa cikin motar ta ga wayam. Ta ce, "Ke, haka ake zuwa hannu Rabbana? Ina tsarabata?"

Ummi ta ce, "Yaya, ni ce tsarabar. Da ƙyar ma na iso."

Suka faɗa jikin juna suna kuka suna dariya, suna wata tsohuwar Hausa da rabinta ya wuce mu.

Har yau mijina na tsokanata wai ba na shiga mota sai na tsuguna na karanta gefen taya. Na amsa laifina, kuma ban da niyyar bari. Abin da ya fi zama a raina shi ne yadda tsohuwar nan ta haɗiye kunyar shekaru ta ce a'a, don ta san abin da ya fi mata muhimmanci. Duk sanda na tuna sai in ji sanyi a raina.

Yayar tata ta rasu kafin azumin da ya biyo baya. Ummi ta yi kuka, amma ba irin kukan da na ji mata tsoro ba. Duk wadda ta shigo gaisuwa abu ɗaya take faɗa mata, tana share hawaye tana murmushi: "Alhamdu lillahi, mun gana."