Kunyar Balkisa a Gonar Ya Gaji

Ban faɗa wa kowa ba, Ya Gaji, amma ranar Talata 17 ga Yuni 2025, da aka ce kin cika a asibitin Diffa, ban yi kuka ba. Ɗakinki na shiga, na duba ko ƙwaryar irin tattasai tana nan a rataye. Da na gan ta ne hawaye ya zo.

Ke ba kakata ta jini ba ce, maƙwabciya ce, amma a gonarki ta bakin Komadugu na girma. Ina tuna lokacin da kogin bai zama abin tsoro ba. Kowace shekara kafin a zuba iri, Baba Muhsinu mai kwalekwale yakan kawo ƙawarki Balkisa daga tsallake, ɓangaren Najeriya. Ki ba ta irinki, ta ba ki nata, don in ciwo ko ambaliya ta cinye gonar ɗaya, iri ya tsira wurin ɗayar. Tana cewa naki ba ya da ja, kina cewa, "Tafi can, naki sai ganye kamar mai shi!" Ku yi ta dariya, ni ina ɓoye bayan zanenki.

In rediyo ya ce shugabannin ƙasashen tafkin Chadi suna taro, kikan ce, "Allah ya taimake su, mu dai mun gama namu a bakin ruwa."

Sai fitina ta zo, aka hana ƙetarawa, garin su Balkisa ya watse. Ba mu sake jin labarinta ba. Duk da haka kowace shekara kina ware kunya guda ki dasa irinta, ki shanya, ki mayar ƙwarya. Kika ce mini, "Zainaba, ajiya ce. Ranar da ta koma gida, da me za ta fara?"

Yanzu ɗanki, Kawu Mala, ya ce irin kasuwa zai zuba ko'ina. Ban iya yi masa magana ba, kin san ni.

Allah ya jiƙanki, Ya Gaji, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Kawu Mala da dukan iyali, Allah ya ba ku haƙuri.

Jiya na roƙi matar Kawu Mala ƙwaryar, ta ba ni. Na gyara wuri a bayan gidanmu, kusa da randa. Bana ni zan dasa kunyar Balkisa.